Na'Allah Wanzami da Mai Kiwon Albasa

A zamanin da mulkin Sakkwato ke tsaye da ƙafafunsa, an yi wani wanzami a Bodinga mai suna Na'Allah. Ba shi da sarauta, ba shi da dukiya, karatunsa kuma bai wuce abin da zai yi salla da shi ba. Abin da Allah ya ba shi baki ne, da ido mai ɗauke tafiyar mutum da tarinsa da yadda yake gyara hula.

Ubansa Haliru wanzami ne, uwarsa Hajo kuwa Bafulatana ce daga Shagari. 'Ya'yan da ta haifa kafin shi duk sun koma tun suna goye, shi ya sa da aka same shi aka ce wannan na Allah ne. Sunan ya bi shi har na yanka ya ɓace. Ya daɗe bai fara magana ba, har Hajo ta soma tsoron ko bebe ta haifa. Da ya girma aka tuna masa, sai ya ce, "Na iske manya na magana, nac ce bari in jira su ƙare. Da nag ga ba su da niyya, sai nas shiga."

Da Haliru ya rasu, Na'Allah ya gaji zabirar kayan askinsa, ya gaji kuma gindin durumin da ke bakin kasuwa inda uban ke zama. Hannunsa na da sanyi wajen aski da ƙaho, amma ba don wannan kaɗai ake cika wurinsa ba. Mutum kan zo da kansa a aske tas, ya zauna wai yana jiran wani. Na'Allah ya san da haka, yakan ce sana'arsa ta fi ta kowa, domin shi kaɗai ne zai kama gemun mai gari, mai gari ya ce masa sannu da aiki.

Akwai wani Maniru da ya taɓa bin rundunar yaƙi sau ɗaya a rayuwarsa, tun daga nan kuma ba ya zama wuri bai ba da labarin yadda ya tarwatsa maza ba. Wata rana yana ƙarƙashin aska yana cikin labarin, Na'Allah ya dafa kansa ya duba da kyau, ya ce, "Lalle ka sha fama. Amma abokan gaban ga naka ba su da kunya, Maniru. Tabon duka ga ƙeya yake, ba wanda yay yarda shi zo ta gabanka." Maniru ma sai da ya yi dariya, ko da yake ya yi kwanaki bai sake labarin yaƙi a gindin durumin ba.

Irin maganganunsa ke nan, gajeru, yana faɗa yana wasa aska a tafin hannu kamar ba shi ya faɗa ba. Ya ce shawara kamar ƙaho take, kowa na ganin bayan maƙwabcinsa ya fi buƙata. Ya ce gaskiya albasa ce, kowa na son ta a miya, ba mai son a yanka ta kusa da idonsa. Mutane su kwasa su kai gida, daga gida ta kai Dingyadi, wani lokaci ta dawo masa a bakin baƙo ana cewa wai wani tsoho ne ya faɗa. Ba ya musu. Yakan ce tsohon nan yana da hankali.

Babban abin da aka san shi da shi kuwa wasan kalankuwa ne. In an gama girbi, gero ya shiga rumbu, samarin gari kan naɗa sarkinsu na wasa da alƙali da fadawa, su yi kwanaki suna kwaikwayon manya a dandali. Kafin Na'Allah, kowa yakan fito ne ya yi abin da ya zo masa. Shi ne ya fara tara su da la'asar a wani kango, ya tsara musu labari daga farko har ƙarshe, ya ce kai za ka shigo ta nan, kai kuma kada ka buɗe baki sai an gama dariya. Shi kansa ba ya fitowa. Yakan tsaya a gefe da zabirarsa a kafaɗa, leɓɓansa na motsi tare da na 'yan wasan.

Wasansa da ya fara yin suna shi ne shari'ar jaki. An gurfanar da jaki gaban alƙalin wasa bisa zargin ya cinye albasar wani manomi. Jaki bai ce komai ba, sai alƙali ya ce a sansana bakinsa. Aka sansana, ba wari. Alƙali ya ce to a sansana na shaidu. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya, har mai ƙarar, har dogarin da ya jawo jakin, kowa bakinsa na warin albasa. Da aka doso alƙali sai ya ja rawani ya rufe baki, ya ce an ɗage shari'a.

Duk abin da zai sa a wasa, sai ya fara gwada shi a gida gaban matarsa Kaltume. Mace ce marar yawan magana, kullum tana zaune da abawa da mazari tana kaɗi. Ba ta yi masa dariya, ta ce in ta fara ba za ta yi aikin komai ba. Amma ya gano cewa in magana ta yi daɗi, mazarin kan tsaya ɗan lokaci kafin ya ci gaba da juyawa. Wanda mazari bai tsaya masa ba, ba ya kai shi dandali.

Bakin nan bai rasa jawo masa magana ba. A unguwarsu akwai Malam Attahiru, wanda ke karantar da magidanta a zaurensa bayan sallar asuba. Mutum ne mai tsantseni, ba ya gaggawar amsa. In an yi masa tambaya sai ya yi gyaran murya, ya ja kunnensa, ya ce, "To, akwai magana biyu." Wata shekara Na'Allah ya shirya wasan wani matafiyi da ƙishirwa ta kama, ya tambayi wani malami hanyar rijiya. Malamin ya yi gyaran murya, ya ja kunne, ya ce akwai magana biyu, bai gama ta farko ba matafiyin ya faɗi. Ba a ambaci suna ba, ba a kuma buƙata ba. Dandali ya kece da dariya.

Abin bai tsaya a dandali ba. Washegari a zaure wani ya yi tambaya, Malam ya ce akwai magana biyu, sai magidanta masu gemu suka sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa. Malam ya rufe littafi ya shiga gida, kwana da kwanaki bai fito karatu ba. Kaltume ta ce wa mijinta, "Maigida, wanga karon ka yi aski ka haɗa da kunne."

Ranar Juma'a da hantsi sai ga Malam Attahiru a gindin durumi. Ya shimfiɗa buzunsa, ya cire hula, Na'Allah ya jiƙa masa kai, ya fara aski.

Malam ya ce, "An ce mini kana da ni cikin zabirarka. Hiddo ni in gani."

"Allah gafarta Malam, wasan yara na."

"Yara ba su da gemu irin naka. Yi in gani."

Na'Allah ya ajiye aska, ya koma gabansa. Ya yi gyaran muryar, ya ja kunne, ya faɗi maganar da muryar Malam sak. Malam ya kalle shi har ya gama.

"Kunnen hagu nika ja, ba na dama ba," in ji shi. "Sauran ka yi daidai." Gefen bakinsa ya ɗan motsa. "Amma akwai magana biyu. Ta fari, Allah ya ba ka baiwa, ba ni musu. Ta biyu, ka ci namana ba ni nan. Abin da kaka iya yi gaban mutum shi na wasa. Wanda kaka jira sai ya ba da baya, sunanai daban, kai ma ka sani."

Waɗanda ke wurin sun ce ranar ce kaɗai suka ga an yi wa Na'Allah magana bai mayar ba. Ya durƙusa ya ce Malam ya yafe masa, ya ƙarasa askin, ya ɗauki buzun ya raka shi har ƙofar gida. Daga wannan shekara bai ƙara sa kowa a wasa ba sai ya je ya same shi, ya yi masa abin a gabansa, ya nemi izini. Ya ɗauka wasan zai mutu ke nan. Sai ga shi mutane na zuwa da kansu. Safinatu mai fura har aike ta yi da ƙorafi, wai an sa kowa a kasuwar nan ban da ita, ko ita ba ta da abin dariya ne.

A duniya ba wanda Na'Allah ke jin daɗin tsokana kamar Manu, ɗan kawunsa da ke kiwo a Shagari. Taubasai ne, don haka ba mai hana su. Duk damina in nono ya yawaita Na'Allah kan ɗauki zabira ya tafi rugarsu ya yi kwanaki, ya yi wa maza aski, ya sha kindirmo. Manu na hango shi zai kira shi da sunan da Fulani ke kiran Bahaushe, ya ce, "Ga Kaɗo nan, bawana. Yunwa ta koro ka?" Shi kuma ya ce, "Na zo in ga ko shanun ga sun gaji da kiwonka." Manu dogo ne siriri, ba ya son noma, ba ya son warin albasa, ya kuma san kowace saniya a garkensa da uwarta da kakarta.

Sai aka yi ciwon shanun nan da mutane suka riƙa kira Sannu, don ba abin da ya rage a ce wa makiyayi sai sannu. Labari ya iso Bodinga cewa garken Manu ya ƙare kaf. Na'Allah ya ɗora wa jaki gero ya kama hanya. Tun kafin ya kai Shagari wari ya tare shi, ga ungulaye a ƙasa sun ƙoshi har ba sa tashi in an zo wucewa.

Ya iske Manu zaune a bakin garke da sandarsa a kan cinya, yana kallon dangwalin da ake ɗaure 'yan maruƙa, ba ko ɗaya a jiki. Na'Allah bai san wata hanyar gaisuwa tsakaninsu ba sai wadda suka saba. Ya ce, "To, ɗan Fulani, yau dai ka huta da tashin asuba."

Manu ya ɗago ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba. Ya tashi ya shiga bukka. Matarsa Bilki, wadda ke tsaye da ƙwaryar da ba komai a ciki, ta ce a hankali, "Ba yau ba, Na'Allah."

Kunya ta rufe shi, har ya yi tunanin sauke geron ya juya. Bai juya ba. Ya zauna a rugar, ya kama bakinsa. Ya taya maza jan gawarwakin shanu zuwa rami, ya ɗebo ruwa, ya gyara shingen da ba abin da zai tsare. Da rana yakan zauna kusa da Manu a inuwa, ba mai cewa komai. Daga baya ya ce a duk ayyukan da ya yi a duniya ba wanda ya ba shi wuya kamar wannan shirun.

Wata safiya ya ga sumar Manu ta taru, gemunsa ya cukurkuɗe. Bai tambaye shi ba, ya kawo ruwa a ƙoƙo, ya jiƙa masa kai, ya ɗora aska. Manu bai hana ba. Can yana sunkuye sai ya fara magana, ba da Na'Allah ba, da ƙasa. Ya fara kiran sunayen shanun. Wule, wadda ubansa ya ba shi tana karsana tun yana yaro. Saye 'yarta, mai harbi in baƙo ya zo tatsa. Wadda ta taɓa ɓata a fadama ta dawo da ɗan maraƙi. Ya bi su duka, wadda ta fara faɗuwa da wadda ta yi ƙarshe. Na'Allah ya rage saurin askarsa don kada ya gama kafin Manu ya gama.

Da Manu ya kai ƙarshe ya share fuska da hannun riga, ya ce, "Kaɗo, bakinka ma ya mutu tare da su?"

"Shina nan," in ji Na'Allah. "Ga dangwali nad ɗaure shi, tunda akwai wuri."

Wani abu ya fito daga ƙirjin Manu, rabinsa tari rabinsa dariya. Bilki ta leƙo daga bukka, ta koma ta ɗora tukunya.

Ba yadda za a zauna a ruga ba saniya. Na'Allah ya kwaso Manu da iyalinsa zuwa Bodinga, Kaltume ta share musu ɗaki, shi kuma ya raba 'yar fadamar da ya gada biyu ya ba Manu rabi. Da ruwa ya ɗauke aka yi dashen albasa. Mutanen fadama ba su taɓa ganin manomi irin wannan ba. Yakan iso tun da sassafe da sandarsa a wuya, ya tsaya a kan ƙafa ɗaya yana duban fangalin albasar kamar mai jiran su tashi. Fartanya ta kumbura masa hannu. Ban ruwa kuwa ya iya shi fiye da kowa, domin ya ce shayarwa ce, ya kuma san mai ƙishirwa in ya gan ta. Ba a jima ba aka ji yana kiran fangalin da sunayen shanu, yana yi wa wanda ya ƙi girma faɗa da Fulatanci. Ya ce abu ɗaya ya yaba musu, ba sa shiga gonar kowa. Albasar ta yi kyau. Ranar cira ya ware manyan ya ce waɗannan ba na sayarwa ba ne, sai da Bilki ta sa baki.

Da kaka ta zagayo, Na'Allah ya same shi a bakin rijiya ya ce yana son ya sa shi a kalankuwa. Ya yi masa tsayuwar ƙafa ɗaya, ya yi masa faɗan da Fulatancinsa na Kaɗo.

"Ɗauki duka," in ji Manu. "Amma kada a kira sunan Wule."

"Ba a kira."

Ranar wasan, Fulani da yawa sun zo daga Shagari da rugagen kewaye, waɗanda suka koma dako da noma da sayar da itace. Suka zauna gefe guda, Manu a tsakiyarsu. Aka fito da makiyayi mai sanda, ya yi kiran shanu, sai ga samari sun ɗaura ganyen albasa a ka suna tahowa a tsugune. Ya kai su mashaya, ya kore musu kura, ya zauna da ƙwarya zai tatsi babbar cikinsu, ta harbe shi. Mutanen gari suka yi ta dariya, amma Na'Allah ba su yake kallo ba. Fulanin sun fara da shiru. Da aka zo wurin tatsa, wani tsoho a cikinsu ya tuntsire, sauran suka bi. Wasu suna dariyar suna jan rawani suna rufe fuska, ba wanda ya tambaye su dalili.

Da aka watse Manu ya tare shi ya ce, "Ka yi ƙarya wuri guda. Ban taɓa tatsar albasa ba."

"Bilki ta ce ta gane ka durƙushe da ƙwarya."

"Dubawa kawai nay yi."

Manu ya yi 'yan shekaru a fadama. Da shanu suka fara dawowa ƙasar, ya musanya albasar shekara guda da karsana wurin wasu makiyaya masu wucewa, ya ja ta da kansa har Shagari. Nonon farko da aka tatsa bayan ta haihu, Bilki ta ɗauko shi a ka ta kawo wa Kaltume. Garken bai taɓa komawa yadda yake ba, amma ya yi garke. A bayan bukkarsa kuma kullum akwai ɗan fangalin albasa, wanda ya ce na Bilki ne.

Tsufa ya zo wa Na'Allah ta hannu. Hannun ya fara rawa, ranar da ya ɗan yanki wani a kunne ya naɗe zabirar ya miƙa wa ɗansa Ɗahiru. Ya ce hannunsa ya fara gaisawa da mutanen da ba su iso ba tukuna. Bai bar gindin durumin ba, ya koma kan tabarma a gefe, samari na zuwa su tsuguna yana gyara musu wasa. Idonsa ya rage, amma yana gane mai zuwa daga jan takalminsa, ya kira sunansa tun bai yi sallama ba.

Ya kwanta ciwon ajali da bazara, shekarar da ake ta jita-jitar Nasara sun doso. Maƙwabta suka cika ɗakin, suna magana ƙasa-ƙasa kamar yadda ake yi gaban marar lafiya. Ya buɗe ido ya ce, "Ku ɗaga murya. Tun ina saurayi nika jin zancen garin ga kyauta, ba yanzu za ku fara mini rowa ba." Aka ɗaga, aka ba shi labarin kasuwa da na wanda akuyarsa ta shiga masallaci. Manu ya iso daga Shagari da azahar, furfura ta rufe shi, ya zauna a gefen kai ya riƙe masa hannun da ke rawa. Ba su tsokani juna ba. Da la'asar Manu ya laƙƙana masa kalmar shahada, Na'Allah ya amsa sarai, ya cika.

Ɗahiru ya riƙe sana'ar har tsufansa. Hannunsa ya fi na uban sauri, kuma mutum ne mai kirki, sai dai in ya ce maka sannu da zuwa, ba za ka ƙara jin bakinsa ba sai ya ce an gama. Mutanen Bodinga suka saba da haka. Akan yi aski a tashi a tafi gona da wuri.